Da Wane Mudu Za a Auna Tsaron Gida a Ƙwallon Kwando?

Rahoton wasan ƙwallon kwando da wakilai kan aiko ɗakin labarai bai cika wuce abu biyu ba, watau yawan makin da kowace ƙungiya ta ci, da sunan ɗan wasan da ya fi kowa jefa ƙwallo a kwando. In wakilin mai ƙwazo ne, ya ƙara da cewa ƙungiya kaza ta tsare gidanta da kyau, ko kuwa bayanta ya yi sako-sako. To, in ka tambaye shi da me ya gane haka, sai ya nuna maka makin da aka ci ta. An ci ta 62, ashe tana da tsaro. An ci ta 85, ashe ba ta da shi. Masu karatu kuwa su ɗauka an gama hukunci.

Ni dai a ganina wannan mudu fasasshe ne, kuma maganar ba ƙarama ba ce, domin da shi ake aunawa a kori mai horar da 'yan wasa, da shi ake aunawa a sallami yaro daga sansani a ce ba ya taɓuka komai. Mu nan Gombe abin ya shafe mu kai tsaye. Jihar da aka kafa ran 1 ga Oktoba, 1996, ta sami ƙungiyar da ta kai ta inda tsofaffin jihohi da dama ba su taɓa zuwa ba. Cikin 2017 Gombe Bulls ta kai wasan ƙarshe na babbar gasar ƙasa, Kano Pillars ta doke ta ta ɗauki kofi, sa'an nan a watan Disamba na wannan shekara su biyun suka wakilci Nijeriya a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka a garin Rades na ƙasar Tunisiya, wadda AS Sale ta Maroko ta lashe. Har yau in aka zauna majalisa bayan isha'i a nan Tudun Wada aka tuno da waɗannan kwanaki, gardamar ba ta wuce wane ne ya fi hannu ba. Ban taɓa jin an yi musu a kan wanda ya fi iya hana jifa ba, alhali kuwa rabin lokacin wasa kowace ƙungiya tsaro take yi.

Saboda mai karatun da bai saba kallon wasan ba, bari in ɗan yi shimfiɗa. Mutum biyar-biyar ne a fili, kwando yana sama mita 3.05 daga ƙasa. A dokar hukumar duniya, watau FIBA, wadda ita muke bi a Nijeriya, ana yin minti 40 ne, kashi huɗu, kowane kashi minti 10. Ƙwallon da aka jefa daga kusa maki biyu ne, wadda aka jefa daga bayan layin nan mai kama da baka, mai nisan mita 6.75, maki uku ne, jifan kyauta kuwa da alƙali kan bayar in an yi wa mutum ƙeta maki ɗaya ne. Ƙungiyar da ƙwallo ke hannunta daƙiƙa 24 gare ta, in ba ta yi jifa ba a ba abokan karawarta. Abin lura a nan shi ne, ƙwallo karɓa-karɓa ake yi da ita. Ka je gidana, in zo gidanka. Saboda haka in wasa ya ƙare, yawan zuwan da na yi da wanda ka yi kusan ɗaya ne.

Wannan zuwan shi nake kira sawu, kamar dai yadda ɗan ga-ruwa kan ce yau ya yi sawu goma. Sawu yana farawa sa'ad da ƙwallo ta shigo hannun ƙungiya, ya ƙare sa'ad da ta koma hannun abokan karawa, ko dai don an ci, ko an yi jifa an kuskure masu gida sun cafe, ko kuwa an ɓarar da ita a hanya. Yawan sawu kuwa ba ɗaya ba ne daga wasa zuwa wasa. Akwai ƙungiyar da 'yan wasanta samari ne masu gudu, da sun kama ƙwallo kafin daƙiƙa takwas sun yi jifa. Akwai kuma mai jan ƙafa, wadda sai ta kusa cinye daƙiƙa 24 ɗin nan kaf. Wasan ta farko sawu ya yi yawa ga kowa, maki ya yi yawa ga kowa. Wasan ta biyu komai ya ragu.

To, a ce ga ƙungiyoyi biyu. Ta farko an ci ta maki 80, amma abokan karawarta sawu 85 suka yi. Ta biyu an ci ta 68 kacal, cikin sawu 65. A takardar wakilinmu ta biyu ce gwana. Amma in ka raba, za ka ga ta farko a kowane sawu 100 maki 94 take bari a ci ta, ta biyu kuwa wajen 105. Watau duk wanda ya zo gidan ta biyu ya fi sa ran komawa da abin hannu, ƙarancin baƙi ne kawai ya rufa mata asiri. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Tudun Hatsi ya san ba a tambayar nawa ne mudu sai an ga girman mudun. Mai sayar da ƙaramin mudu da araha ba sauƙi ya yi maka ba.

Kada a ɗauka wannan lissafin kan takarda ne kurum. A kakar wasa ta 2014 zuwa 2015 ta gasar NBA ta Amurka, ƙungiyar Golden State Warriors ana cin ta maki 99.9 a kowane wasa, abin da ya sa ta zo ta 15 cikin ƙungiyoyi 30, watau tsaka-tsaki. Amma ita ce ta fi kowa saurin wasa a wannan shekara, da aka auna da sawu 100 kuwa sai ga ta ita ce ta ɗaya wajen tsaro. Ta ci wasa 67 cikin 82, ta kuma ɗauki kofi. Da da mudun wakilinmu aka auna ta, da an ba mai horar da ita shawara ya je ya gyara bayansa. Dabarar ma ba sabuwa ba ce. Dean Smith, wanda ya horar da ƙungiyar Jami'ar North Carolina daga 1961 zuwa 1997, da maki bisa sawu yake auna 'yan wasansa tun ba a san kwamfuta a bakin fili ba.

Wanda bai sami damar ƙirga sawu ɗaya bayan ɗaya ba yana iya kintatarsa daga takardar ƙididdiga. A ɗauki yawan jifan da abokan karawa suka yi, a cire ƙwallayen da suka kuskure amma suka sake cafewa da kansu, a ƙara ɓarin da suka yi, sa'an nan a ƙara kashi 44 cikin 100 na jifan kyautar da aka ba su. Dalilin wannan 44 ɗin shi ne jifan kyauta galibi bi-biyu yake zuwa a sawu guda, wani lokaci kuma ƙari ne a kan cin da aka riga aka yi. Ɗan sakandare da biro zai gama wannan kafin 'yan wasa su gama sauya riga.

In aka ce in zaɓi lamba guda ɗaya tak in faɗi ƙarfin tsaron ƙungiya da ita, to, wannan ce: makin da ake cin ta a kowane sawu 100. Amma fa ita kamar ma'aunin zafin jiki ce a asibiti. Za ta gaya maka akwai zazzaɓi, ba za ta gaya maka abin da ya kawo shi ba. Mai horarwa kuwa wurin yoyon yake nema domin ya liƙe. A nan ne wani Ba'amurke mai suna Dean Oliver ya yi wa masu wasan aiki. A littafinsa Basketball on Paper na 2004 ya rarraba nasara gida huɗu, ya kuma ba kowane gida nauyinsa: ingancin jifa kashi 40, ɓarin ƙwallo 25, cafe ƙwallon da ta dawo 20, jifan kyauta 15. In ka juya su ta fuskar mai tsaro, sai su zama tambayoyin da za ka yi wa ƙungiyarka.

Mafi nauyinsu ita ce, in an yi jifa a gidanka, kashi nawa ke shiga? A nan ma akwai tarko. A ce abokan karawa sun yi jifa 60, guda 24 sun shiga, watau kashi 40 cikin 100. Wasu kuma sun yi 60 ɗin, 27 sun shiga, kashi 45. Sai a ce tsaron farko ya fi. Amma in cikin 24 ɗin nan guda 10 daga bayan layi aka jefa su, maki 58 ke nan. In cikin 27 ɗin biyu ne kawai na nesa, maki 56 ke nan. Don haka masu lissafi kan ƙirga kowace ƙwallon nesa a matsayin ɗaya da rabi kafin su raba. Da wannan gyara na farko ya koma kashi 48, na biyu kashi 47 ba kaɗan, sai gaskiya ta fito.

Mu 'yan Nijeriya ba sai an yi mana dogon bayani a kan jifan nesa ba. Ran 2 ga Agusta, 2012, a wasannin Olamfik na Landan, Amurka ta ci mu 156 da 73. Sun yi jifan nesa 46, guda 29 suka shiga. Maki 87 ke nan daga bayan layi kaɗai, ya fi duk abin da muka tara a wasan. Carmelo Anthony shi kaɗai ya ci 37 cikin abin da bai kai minti 15 ba. Bayan shekara tara, ran 10 ga Yuli, 2021, a wasan sada zumunci a Las Vegas, muka rama da irin sandar da aka doke mu, muka jefa na nesa 20, muka ci su 90 da 87. To, a nan akwai abin da ya kamata a yi hattara da shi. Masu nazarin alƙaluman wasan sun daɗe da lura cewa kason jifan nesa da ke shiga a gidan ƙungiya yakan yi ta hawa da sauka ba tare da tsaronta ya sauya ba. Ranar da hannun mutum ya yi zafi, ko ka rufe masa ido sai ta shiga. Ranar da ya yi sanyi, ko ka ba shi fili sai ya kuskure. Abin da ke hannun mai tsaro shi ne sau nawa ya bari aka yi jifa a sake babu kowa kusa, kuma daga ina. Ƙungiyar da ake ta kutsawa har ƙarƙashin kwandonta, ko ake barin mutum shi kaɗai a kusurwa, inda layin ya ɗan matso zuwa mita 6.60, tana da ciwo ko da ta ci wasan yau. Wadda ke tilasta wa abokan karawa yin jifa daga tsaka-tsaki, da hannu a fuskarsu, daƙiƙa na neman ƙarewa, tana da lafiya ko da yau an ci ta.

Sai maganar ɓari. Sawun da ya ƙare ba a ma yi jifa ba shi ne mafi daɗi ga mai tsaro, domin babu batun sa'a a cikinsa. Ran 29 ga Yuli, 2024, 'yan matanmu na D'Tigress ƙarƙashin Rena Wakama suka doke Ostareliya 75 da 62 a wasannin Olamfik na Faransa, nasararsu ta farko a Olamfik tun 2004. Ostareliya ba kanwar lasa ba ce, don ita ce ta ƙare ta uku a gasar. Abin da ya kashe ta ranar shi ne ta ɓarar da ƙwallo sau 26. Sawu 26 ke nan da suka tashi a banza, da yawansu kuma suka zama ci a gidanta, tun da wanda ya ƙwace ƙwallo a tsakiyar fili babu mai tare shi. Daga nan 'yan matan suka doke Kanada 79 da 70, suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan takwas a Olamfik. Sai dai a lura, ɓari gaba ɗaya za a ƙirga, a raba da yawan sawu. In aka tsaya kan ƙwace kaɗai an bar wanda aka matsa masa har ya jefa waje, da wanda ya yi taku ba bisa ƙa'ida ba, da wanda daƙiƙa 24 suka ƙare masa ƙwallo na hannu. Duk waɗannan aikin masu tsaro ne, amma ba a rubuta su da sunan kowa.

Abu na uku shi ne wanda na fi ganin yana cin ƙananan ƙungiyoyinmu, watau cafe ƙwallon da ta bugi baki ko allo ta dawo, abin da 'yan wasa ke ce wa ribawun. Ka ga yara sun yi daƙiƙa 20 suna fama, gumi na zuba, sun tilasta wa abokan karawa mugun jifa, an kuskure, sa'an nan su tsaya suna kallon sama wani ya zagayo ta bayansu ya cafe. Dokar FIBA ta ba wanda ya cafe ɗin sababbin daƙiƙa 14, kuma ga shi a gindin kwando. An yi noma, an yi girbi, an bar dami a gona. Yawan ribawun shi kaɗai ba ya nuna komai, domin wasan da aka fi kuskure a cikinsa shi ya fi yawan abin cafewa. Tambayar ita ce, cikin ƙwallayen da suka dawo a gidanka, kashi nawa ka kama? A gasar NBA masu gida kan kama kimanin uku cikin huɗu. Ƙungiyar da ke barin abokan karawa su kwashe kusan rabi, kada ta nemi laifin alƙali. Wannan kuwa ba batun tsawo ba ne kaɗai. Gajere da ya san ya juya baya ya tokare mutuminsa tun ƙwallo na sama ya fi dogon da ke jiran ta faɗo masa a hannu.

Na huɗun ba ya bukatar dogon bayani. Wanda ya yi ƙeta biyar ya fita daga wasa, ƙungiyar da ta cika huɗu a kashi guda kuwa duk wadda ta ƙara jifan kyauta biyu ne. A ƙirga sau nawa aka tura abokan karawa layin kyauta, kada a damu da nawa suka ci, tun da babu mai tsaron mutumin da ke tsaye shi kaɗai alƙali ya miƙa masa ƙwallo.

Mai karatu zai ce, ina maganar doke jifa a sama, abin da ke sa zauren wasa ya kaure da sowa? Ina sane na bar ta baya. Ba wanda ya kai ɗan ƙasarmu Hakeem Olajuwon a wannan fanni. An haife shi a Legas cikin 1963, ya fara da tsaron raga a ƙwallon ƙafa da kuma ƙwallon hannu, ya je Amurka ya doke jifa 3,830 a NBA, adadin da har yau ba a kamo ba. Ya kuma ƙwace ƙwallo sau 2,162. An zaɓe shi gwarzon mai tsaro a 1993 da 1994, ya ɗauki kofi da Houston a 1994 da 1995, cikin 2022 kuma aka sa wa kyautar gwarzon mai tsaron sunansa. Amma ka raba 3,830 ɗin nan da wasanni 1,238 da ya buga, za ka sami uku da ɗan ɗoriya a kowane wasa, alhali abokan karawa kan yi jifa wajen 80. Ashe ko shi ɗin, abin da aka rubuta masa ɗan tsagi ne na aikinsa. Babban aikin shi ne mutanen da suka doso kwando suka hango shi suka fasa, da waɗanda suka ɗaga ƙwallo fiye da kima don tsoron hannunsa ta zarce. Babu gurbin da ake rubuta tsoro a takarda.

Daɗin daɗawa, NBA ba ta fara ƙirga doke jifa da ƙwace ba sai a kakar 1973 zuwa 1974. Bill Russell na Boston, wanda ya ɗauki kofi 11 tsakanin 1957 da 1969 kuma aka yi ittifaƙi da tsaro ya ɗauke su, ba shi da ko guda a rubuce. Abin da waɗanda suka kalle shi suka shaida shi ne ba ya make ƙwallo ta faɗa cikin 'yan kallo, yakan ɗan taɓa ta ne ta nufi abokin wasansa. Yaranmu kuwa sun fi son makewa, a yi ihu, ƙwallo ta fita waje, alƙali ya mayar wa waɗanda aka make ɗin. Sawu bai ƙare ba ke nan. Haka mai yawan ƙwace. Wani yana da biyar a takarda, amma sau goma ya yi tsalle ya kuskure ya bar 'yan'uwansa huɗu suna fama da mutum biyar. Masu kallon dambe sun fi mu gane wannan. Kowa hannun da aka naɗe yake kallo, amma tsofaffin 'yan kallo sun san ɗan damben da garkuwarsa ba ta da kyau ba ya daɗewa a fage, komai nauyin hannunsa.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne batun ɗan wasa shi kaɗai. Akwai wani fili a wata makaranta kusa da unguwarmu inda samari kan taru bayan la'asar, nakan tsaya kallo in na taso aiki da wuri. Cikinsu akwai wani yaro, ba dogo ba, jifansa ma ba abin a zo a gani ba ne. Amma duk wanda aka haɗa shi da shi ranar sai ya yini yana neman ƙwallo bai samu ba. Yana manne da mutum kamar ƙaya a riga, bakinsa kuma ba ya shiru, yana gaya wa 'yan'uwansa wa ke zuwa ta hagu, wa ya zame ta baya. Da aka zo zaɓen mutum 12 da za a tafi da su wata gasa, ba a sa shi ba. Na sami mai horar da su na ce, "Koci, yaya aka bar yaron nan?" Ya ce, "Malam ɗan jarida, na fi ka sanin amfaninsa. Amma in na tafi da shi masu ba da kuɗin mota suka tambaye ni maki nawa yake ci, me zan nuna musu?" Ban ga laifinsa ba. Mutumin da ba shi da takarda a hannu ba ya cin gardama da mai riƙe da jaka.

Irin wannan yaro har a Amurka an daɗe ba a san darajarsa ba. Cikin 2009 marubuci Michael Lewis ya yi dogon sharhi a mujallar jaridar New York Times a kan Shane Battier na ƙungiyar Houston, mutumin da alƙalumansa ba su burge kowa ba, amma in yana fili ƙungiyarsa ta fi kyau, gwanin abokan karawa kuma ya rasa inda zai sa kansa. Hanyar da aka bi aka gano shi mai sauƙin fahimta ce. A duba makin da ake cin ƙungiya a sawu 100 lokacin da mutum ke ciki, a gwada da lokacin da yake zaune a benci. Tun kakar 2013 zuwa 2014 NBA ta kafa na'urorin ɗaukar hoto a rufin kowane zaure suna bin motsin kowane ɗan wasa, har a san tazarar da ke tsakanin mai jifa da mai tsaronsa. Mu ba mu da wannan, amma kwatanta yana ciki da yana waje ba ya bukatar na'ura, sai dai mai rubuta lokacin da aka yi sauyi.

Matsalar tana tebur ne. Takardar alƙalanci ta FIBA, wadda ake cikewa a kowane wasa, makin da aka ci take ɗauka, da wanda ya ci, da ƙeta, da hutun da mai horarwa ya nema. Ba ta da gurbin jifan da aka kuskure, balle ribawun ko ɓari. Watau duk abin da tsaro ya haifar ba ya cikinta. A manyan gasa akan ajiye wasu mutane dabam da kwamfuta domin wannan aiki, shi ya sa tun da aka fara gasar BAL ta Afirka a Kigali cikin 2021, wadda Kwara Falcons ta je a 2023, Rivers Hoopers ta Fatakwal kuma ta zo ta uku a 2024, duk wanda ya buga ko minti biyar ne ana iya buɗe intanet a ga abin da ya yi. Mai neman ɗan wasa daga Kahira ko Dakar abin da yake fara tambaya ke nan. Yaron da ya shekara biyar yana tsaro a Gombe ko Bauchi ba a rubuta komai a kansa ba, sai dai a ce wallahi ya iya.

A wasannin makarantu da na unguwanni mutum biyu sun isa, da littafin rubutu guda. Ɗaya ya ja layi ga kowane sawun abokan karawa, ya rubuta yadda ya ƙare: an ci biyu, an ci uku, an kuskure mun cafe, an kuskure sun sake cafewa, sun ɓarar, ko mun yi ƙeta. In an yi sauyi ya ja layi a kwance ya rubuta lambobin waɗanda ke ciki. Ɗayan ya zana rabin fili a shafi, duk inda aka yi jifa ya sa alama, da'ira in ta shiga, gicciye in ba ta shiga ba, ya ɗiga ɗigo a gefe in mai jifan a sake yake. Ga Jami'ar Jihar Gombe nan a Tudun Wada tun 2004, cike da ɗaliban lissafi masu neman abin da za su yi aikin kammala karatu a kai. Da ƙungiyoyin garin nan za su nemi biyu-biyu daga cikinsu, da kowa ya amfana.

Sai dai kada a ɗauki takardar wasa ɗaya a yanke wa yaro hukunci da ita. Gasarmu ba ta da tsawo irin ta Amurka mai wasa 82, kuma ƙungiyar da ta kara da raunana uku a jere alƙalumanta za su yi kyau ba don ta iya ba. A tara na wasa shida ko bakwai, a rubuta da wa aka kara, sa'an nan a fara magana. In an tara ɗin, ni shafin da nake fara buɗewa shi ne na minti 10 na ƙarshe, in ƙirga sau nawa abokan karawa suka kuskure suka sake cafewa a ƙarƙashin kwandonmu. In adadin ya ninka na kashin farko, ƙafafu ne suka gaji, maganinsa kuwa gudun asuba da sauya 'yan wasa da wuri. In tun daga farko haka yake, to, ba a koya wa yaran tokare mutum ba ne, sai a koma fili ranar Litinin a fara daga nan.